Rasuwar Hajiya Kwafi, Injin Hoton Takardu

Da zuciya mai nauyi da hawaye a ido, ni Juwairiyya Uthman, mai shagon kwantena a bayan wata ma'aikata a Garki, nake sanar da rasuwar injina na hoton takardu, wadda 'yan kwangila ke kira Hajiya Kwafi. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ranar rufe karɓar takardun neman kwangila takan wuni tana "ziiit, ƙaras, ziiit, ƙaras" ba ta ce ta gaji ba. Ga riƙon sirri. Kamfanoni uku na Alhaji Hafizu, masu takara da juna a kan aiki ɗaya, duk ta cikinta suka wuce, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ciwonta ya fara ne bara, da ma'aikatar ta koma karɓar takardu ta intanet, ana kuma bayyana wanda ya ci da dalilin cinsa. Layi ya watse. Zama ya yi mata yawa, ɓera ya tare a aljihunta. Ran Talata na ba ta katin ɗaurin aure ɗaya tak, ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta yi shiru. Thaddeus makanike ya dube ta ya ce, "Madam, wannan ya tafi. Sai haƙuri."

Ta bar ƙanwarta injin ɗinke takardu, da sitefula biyu na maƙale takardu, da ni. Ba ta bar ni hannu rabbana ba: a gefenta na haddace yadda ake cike takardun nan. Na yi wa ƙaramin kamfanina rajista, na nemi kwangila ta waya ba tare da na san kowa ba, aka ba ni ɗinkin labulen ofisoshi shida. Da ma ta ga wannan rana.

Za a ɗauke ta ranar Asabar da ƙarfe goma, a baron 'yan gwangwan. Wajen shirya ta, Thaddeus ya zaro wata takarda da ta maƙale a cikinta: wasiƙar ba da kwangilar rijiyoyi, mai kwanan wata mako biyu kafin a tallata aikin. Ana roƙon mai ita ya zo da kansa ya karɓa, a gaban jama'a.