Sikelin da Sadauki Shu'aibu Ya Ciwo a Kasuwar Funtuwa

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe tarihin Sadauki Shu'aibu ɗan Barau, jikan Tankari mai awon auduga, wanda a zamaninsa ba a sauke buhu daga sikeli a duk faɗin Funtuwa sai ya gyaɗa kai; shi Shu'aibun kuwa gagarabadau ne, toron giwa, namijin da bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba, amma yake da fatawa a kan kowace tukunya.

Musabbabin yaƙin kuwa, matarsa Saudatu ce ta samu aikinta na farko: kek ɗari biyu na walimar saukar 'yar Hajiya Turai, bisa alkawarin in ya yi kyau, duk hidimar gidan ta zama tata. Shi kek ba ya son awon ido. Don haka ta roƙe shi ya sayo mata ɗan ƙaramin sikeli mai lamba, wanda ke jin nauyin cokali guda na hodar da ke tayar da kek.

"Ni za a koya wa sikeli?" in ji Sadauki. "A gidanmu aka yanke masa cibiya!"

Ya yi ɗamara, ya haye babur, ya keta rundunar masu baro da ta masu lemo, har ya ja daga a shagon kayan girki. Mai shago ya miƙo masa daidai abin da aka aiko shi. Sadauki ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ja tsaki, ya yanke hukuncin cewa abin da ba shi da nauyi ba zai san nauyi ba. Ya zarce layin 'yan hatsi, inda ya yi arba da wani dodon sikelin ƙarfe mai sarƙa da ƙugiya, mai ɗaukar kilo ɗari biyu. Ya ƙwanƙwasa shi, ya ji amo, ya yi kabbara.

Aka rataye ganima a reshen dalbejiyar tsakar gida. Saudatu ta saƙala ƙullin hoda, allurar sikeli ko gezau. Ta ƙara sukari, ta ƙara bota, allura tana nan kamar an zana ta. Walima gobe da hantsi, kasuwa kuma ta riga ta tashi. Baiwar Allah ta auna da ido, tana yi tana share hawaye da gefen zani.

Kek ya fito a kwance, da ɗacin hoda. Hajiya Turai ta gutsira, ta ce Allah ya yi albarka, ba ta sake aikowa ba har yau. Kaico!

Amma Sadauki ba ya barin fage da zargi a kan makaminsa. Ya tuɓe takalmi, ya kama ƙugiya da hannu biyu, ya naɗe ƙafafu, ya yi lilo. Allura ta motsa.

"Kin gani? Lafiyarsa lau! Hamsin da ɗaya!"

Saudatu ta ɗago daga wankin gwangwanayen kek, ta dube shi yana reto.

"Na gani, Malam. Sauko."