Jan Katin Kyaftin Ba-Gumi

Duk faɗin Dutsin-Ma da Kurfi babu mai kishin matasa kamar Alhaji Mutawakkil, Jakadan Wasanni Don Haƙƙin Ɗan Adam da Ɗorewar Muhalli. Shi ya naɗa kansa, shi ya taya kansa murna. Bai taɓa shurin ƙwallo ba, amma da usur a wuya yake zuwa ɗaurin aure, shi ya sa matasa suke kiransa Kyaftin Ba-Gumi.

Bana ya sa kofi tsakanin samarin Makera da na Wurma. Filin wasan ƙarshe kuwa gonar wani dattijo ce a Wurma, Malam Lado, wanda kan ara wa matasa ita duk rani bisa sharaɗi ɗaya: ruwa na sauka a ba shi abarsa. Daga gonar nan iyalinsa suke ci.

Kowa ya san haka, ban da Kyaftin. Sau uku yana ɗage wasan, wai hotonsa na jikin allon talla bai fito da hular yadda ya kamata ba. Kafin hula ta gyaru ruwa ya sauka, Malam Lado ya shuka gero, gero ya tsiro.

Ranar wasa Kyaftin ya iso da rigar ƙwallo a kan babbar riga. Ya sa aka shigar da motarsa har tsakiyar gona, aka kafa rumfa a kan kunyoyi. 'Yan wasa kuwa, 'ya'yan manoma, suka yi cirko-cirko a bakin iyaka, babu wanda ya yarda ya sa ƙafa. Kyaftin ya ɗauka kwarjininsa ne ya hana su matsowa, ya ji daɗi har cikin ransa.

"Ya ku manyan gobe!" ya ce, yana kai da kawo. "Duk koren ganye amana ne! Ni da kuke gani, ko ciyawa aka taka sai na ji a ƙirjina. Haƙƙin talaka kuma ba abin wasa ba ne. Wasa ke koyar da bin doka: wanda alƙalin wasa ya ɗaga wa jan kati, ko ɗan wane ne, ya fita!"

Duk jimla ɗaya taku uku, duk taku tsiro ya kwanta. Da ya gama, ya tuge gero ya dasa ɗan itacen dalbejiya a gurbin, domin hoto.

Malam Lado ya matso, idonsa ya ciko. "Alhaji, ranka shi daɗe, ƙafarka na bisa hatsina."

"Baba, a bari sai lokacin tambayoyi."

Sai aka ji usur. Sabitu ne, alƙalin wasa, tela a kasuwar Kurfi. Ya lallaɓo ta tsakanin kunyoyi kamar mai tsallake barkonon da aka shanya, ya tsaya gaban Kyaftin, ya ɗaga jan kati.

"Alhaji, dokarka ce. Kai da mota da rumfa."

Tafin da Kyaftin ya kwashe awa biyu yana nema, a lokacin ya samu. Ya fita yana ɗaga wa jama'a hannu, har ya manta kofin.

Da yamma ƙungiyoyin biyu suka taru suka sake shuka inda ya tattake. Kofin ma bai yi asara ba. Da shi Malam Lado ya riƙa ɗebo musu iri, ya kuma shaida wa kowa cewa a duk shirin Alhaji, kofin nan kaɗai ne ya amfani muhalli.