Rasuwar Ikwalaiza, Mai Rufin Asirin Bah Kyrshan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau ba su daina kuka ba, ni Wanlam Marbaniang, mai kaɗa jita a birnin Shillong na ƙasar Indiya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Ikwalaiza, 'yar akwatin tace sautin nan mai maɓallai bakwai. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya tana hidima a bayan amfilifaya, inda ido ba ya kaiwa.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai kawar da kai. Aikinta kawai ta karɓi muryar jita, ta rage tsinin da ke soke kunne, ta kwashe kaurin da ke cushe kiɗa, ta miƙa wa amfilifaya abin da ya rage. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Iyakarta ɗan "tik" idan an kunna ta, sai jar fitilarta ta kama.

Amma babban alherinta, wanda ban taɓa faɗa ba sai yau da ba ni da sauran abin asara, shi ne riƙon Bah Kyrshan, yayan matata. Ina zaune a gidan surukata, tunda auta na aura, a al'adarmu kuwa mijin auta gidan surukai yake tarewa, kuma a gidan nan maganar Bah Kyrshan ce ke yanke komai, domin shi ne kawun yara. Ranar da ya ce zai shiga ƙungiyarmu ta kiɗa a matsayin mai jita na biyu, babu bakin musu. Mutumin nan kuwa, idan ya taɓa tsirkiya sai ka rantse kwanon rufi ake ja a kan siminti. Sai na haɗa masa marigayiyar a bayan amfilifayarsa, na ce masa daɗin sauti take ƙarawa. Na ja maɓallan nan bakwai ƙasa, na ja na ƙarar murya shi ma ƙasa har ƙarshe, na ɗiɗɗiga wa kowanne alama da farar ƙasar da muke taunawa da goro don kada wani ya gusa. Sannan na tsayar da shi daf da tawa amfilifayar. Shekara goma sha ɗaya yana jin kiɗana yana zaton nasa ne, yana lumshe ido, yana girgiza sumar da saura kaɗan ta ƙare. Gwaji kuwa ba ya zuwa, ya ce gwaji na 'yan koyo ne.

Ajali ya zo mata ta hannun surukata, wadda tukwanenta suka fi madubi ƙyalli, wadda ba ta iya ganin tabo ta wuce. Da safen bikin jikarta, 'yar Bah Kyrshan, ta ga ɗigon farar ƙasa a jikin marigayiyar. Ta jiƙa ta a ruwan sabulu, ta dirje ta da toka da soson ƙarfe, ta jera maɓallanta reras, ta shanya ta a rana tare da ludaya. Ban taɓa ganin gawa mai tsabta irin wannan ba.

A rumfar biki na kunna ta. Ta ce "kirrr", ta ce "tas", fitilar ta mutu. Kafin in yi wata dabara Bah Kyrshan ya fizge wayoyin ya haɗa jitarsa kai tsaye.

"Kai Wanlam, rabu da gwangwanin nan," in ji shi. "Yau bikin 'yata ne, a ji ni da kyau."

Aka kuwa ji shi. Fasto ya ajiye cokalinsa na shinkafa da naman alade. Jarirai suka fashe da kuka, karnukan unguwa suka amsa. Dangin ango suka shiga kallon juna. Bah Kyrshan ya daure na minti guda, sannan ya ɗaga hannu daga kan jitar a fusace, ya matso bakin makirufo.

"Wai wane jaki ne ke ɓata mana kiɗa?"

Da ɗaga hannun nasa ƙarar ta ɗauke ɗif. Ya mayar da hannun, ta dawo. Ya sake ɗagawa, ta sake ɗaukewa. Sau uku ya gwada a gaban mutum ɗari huɗu, kuma wallahi ban ji tausayinsa ba, kaina nake tausayi. Mai gangarmu, Bah Donbok, wanda cikinsa bai taɓa riƙe magana ba, ya faɗo daga kujera don dariya, ya tashi ya tona komai.

Surukata ba ta jira baƙi su watse ba. "Shekara goma sha ɗaya kana cin shinkafata kana toshe wa ɗana baki? To, ka ci ta ƙarshe." Matata Iarisa ce ta haɗa mini jaka da hannunta, har da ninke riguna, don ita ma 'yar tsabta ce.

Marigayiyar ta rasu ta bar mijinta amfilifaya, wanda tun ranar ba a san irin abin da ke fita daga bakinsa ba. Ta bar wayoyi biyu marayu, da batir ɗaya da ya kumbura, da ƙungiyar da babu mai gayyatarta ko sunan kare, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Laraba da ƙarfe goma na safe a bayan gidan mahaifiyata a unguwar Mawlai, inda na koma da jakata ɗaya, nake kwana a ɗakin ajiye dankali. Nan ake karɓar gaisuwa. Kada a kawo furanni, kada kuma kowa ya yi tayin wanke gawa, an riga an yi.

Bah Kyrshan ya aiko cewa ya yi bincike, ya gano laifin tsohuwar amfilifaya ne, ya sayi sabuwa da ta ninka ta girma, kuma shi zai yi kiɗan bankwana a bakin kabari. Masu zuwa su taho da audugar toshe kunne. Wadda ke tsaya mana ta tafi, Allah ya jiƙanta, mu kuma ya ji ƙanmu.