Kwana Takwas Ina Cewa Babu Saƙo

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa Malam Ɗalhatu ba. Ba mugunta ce ta sa ni ba, iyayi ne.

Lokacin imel bai daɗe da shigowa Zariya ba. Ina aiki a wani shagon buga takardu a Ƙofar Kuyambana, kwamfutarmu ɗaya, layin tarho ɗaya. Akwatin saƙonmu yana kan wata babbar kwamfuta a Legas, saba ake ce mata. Kullum sai na buga layi, na rubuta suna da kalmar sirri, sannan na kwaso saƙonnin 'yan unguwa na buga musu a takarda. Sai na ga wannan wahala ba ta dace da mutum kamata ba (difloma fa gare ni, har an fara ce mini Injiniya). Na zauna na rubuta ɗan furogiram da zai buɗe soket, wato ƙofar magana, zuwa sabar, ya miƙa suna da kalmar sirri da kansa, ya ƙirga saƙonni. In bai samu komai ba, ya rubuta BABU SAƘO da manyan baƙaƙe, da Hausa, don a san ɗan gari ne ya yi.

Abin da ban koya masa ba shi ne sauraron amsar sabar. Ko an buɗe masa ko an kore shi, shi dai ƙirga kawai ya sani. Wata Asabar na canza kalmar sirrin, wai ni mai tsaro, na manta tsohuwar ce a cikin furogiram ɗin.

Malam Ɗalhatu tsohon alƙali ne daga Ƙofar Kibo. An kai ƙanensa asibiti a Alƙahira, ɗan majinyacin da ya raka shi ya ce zai riƙa rubutowa ta adireshinmu. Kullum bayan azahar Malam zai dogaro sandarsa ya zo ya zauna a benci. Ni kuwa in danna maɓalli da yatsa ɗaya, in juyo masa fuskar kwamfutar.

"Babu saƙo, Baba. Ai da da wani abu, da sun rubuto."

"Haka ne, ɗana. Allah ya sa mu ji alheri."

Kwana takwas muna haka. A na tara ya ce, "Injiniya, wai ita wannan na'ura ba ta kuskure?" Na yi dariya (Allah ya yafe mini wannan dariya), na ce bari in shiga da hannu ya gani. Ina rubuta sabuwar kalmar, sai saƙonni suka fara zubowa. Huɗu daga Alƙahira suke.

Idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, dole ni na karanta masa. Na farko, an yi aiki, a taya da addu'a. Na biyu, jiki ya rikice, majinyacin yana ta kiran yayansa Malam, ga lambar asibiti. Na uku, don Allah a kira yau. Na huɗu, ya cika ranar Alhamis, an yi masa sutura a can.

Malam ya yi innalillahi, sannan ya ce, "Wace rana ya neme ni?"

"Talata, Baba."

"Talata ai ina nan zaune."

Ya dubi tarhon da ke kan teburina. Na durƙusa na faɗa masa laifina ne. Da ya zage ni da na ji sauƙi, amma cewa ya yi, "Kwanansa ne ya ƙare. Buga mini su in kai wa iyalinsa."

Aka yi zaman makoki bayan ranar sadakar uku ta riga ta wuce. Na je na rakuɓe a zaure, mutane suna ta yi mini sannu da ƙoƙari, wai na'urata ce ta kawo labari. Malam yana ji, bai tona ni ba, ni ma ban tona kaina ba. Har yau kunyar ba ta sake ni ba.

Tun daga nan, duk furogiram da zan rubuta, abu na farko da nake koya masa shi ne ya ce "ban sani ba". Ni mai rubuta shi, sai da aka binne mutum a Alƙahira kafin na koyi faɗin haka.