Rasuwar Nasara, Farin Cikon Haƙorin Mai Goro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunci guda a kumbure, ni Abdulƙudus dillalin goro na unguwar Zongo, a madadin dasashina da 'yan haƙoran da suka rage mini, nake sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki na Wagadugu da kewaye rasuwar farin cikon haƙorina, wanda jama'a suka fi sani da Nasara. Ya rasu ranar Litinin da hantsi, yana tsakiyar aiki, a gaban baƙi, bayan doguwar jinyar da ya ɓoye wa kowa, har da ni mai ɗauke da shi.

Wanda bai san sana'armu ba zai ce haƙori guda mene ne abin tara jama'a. To, a saurara. Goro ba a sayensa da ido. In an kwance huhu, dillali yakan ɗauki ɗaya ya gutsura a gaban mai saye da mai sayarwa, kowa ya yi tsit ya kasa kunne. Ƙarar gutsurar ce ke faɗin ko goron zai kai Kano da lafiyarsa ko zai yi laushi a hanya. Wuƙa ba ta wannan aiki, kuma dillalin da ya zaro wuƙa a gaban fatake ya zama ɗan kallo. Ni kuwa sukarin shayi ya daɗe da yi wa bakina ɓarna. Haƙorin da ke bayan fiƙata ta dama shi kaɗai ne a sama yake da abokin karo a ƙasa, da shi nake ci da iyalina.

An haifi marigayin a ɗakin wata likitar haƙori, dokotoro a bakin mutanenmu, da ke unguwar Gounghin, lokacin da kogo ya fara cin wancan haƙorin. Baiwar Allah, mai sanyin hannu, ta ba ni zaɓi: baƙin ciko na ƙarfe, ko fari mai launin haƙori. Wurin yana fitowa in na yi dariya, ni kuma a lokacin mutum ne mai dariya, sai na ce fari. Ta jera duk launukan da take da su a gefen bakina, ta girgiza kai, ta ce kamfani bai taɓa yin mai launin haƙoran Zongo ba. Ta tsane wurin, ta cusa wanda ya fi kusa, ta haska masa wata shuɗiyar fitila, ya sandare. Da na dawo rumfa na yi murmushi, maƙwabcina Ɗanliti ya leƙa ya ga fari tas a tsakiyar jajaye, ya ce Nasara ya sauka a Zongo. Sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi. Ba shi da ƙorafi, ba ya zaɓen aiki. Ya tauna daushe, ya tauna kilishi, ya tauna ƙashin kazar gashi da bai kamata a ɗora masa ba. Maganarsa kaɗan ce amma ba ƙarya a cikinta. In goro na kirki ne, sai ka ji “ƙas!”, a ɗaure kaya. In ya sha ruwa ko ya kwana a rana, sai ka ji “tuɓus”, mai kaya ya sunkuyar da kai. Wallahi ina kewar wannan “ƙas” ɗin fiye da yadda zan iya faɗa.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da wani siririn jan layi da ya zagaye bakinsa, daidai inda ya haɗu da haƙori. A nan ne muka yi abin da sai mutanen Zongo. A wurinmu jan haƙori ado ne, shaidar sana'a ce, kuma baƙon da ya daɗe a gida dole ya ɗauki launin gidan. Ɗanliti ne ya fara gani, ya tara majalisa, ya ce Nasara ya zama ɗan gari. Aka yi mini barka, aka dafa shayi mai kauri, ni da kaina na raba goro. Matata Rasmata kaɗai ta ƙi shiga murnar. Ta ce da yarensu wannan ba laafi ba ne, wato ba lafiya ba, tana jin wani wari da ba na goro ba, in koma wurin dokotoro. Majalisa ta yanke cewa 'yar unguwar Wemtenga da ba ta cin goro ba ta da ta cewa a kan launin haƙori.

Daga nan marigayin ya koyi sabuwar magana. In na kurɓi zomkom, ruwan garin gero, mai ƙanƙara, sai ya ce “zirrr”, har cikin ido. Na danna masa kanumfari, ya yi shiru, na ɗauka sauƙi ne. Ashe shirun mai ƙarar kwana ne. Daga waje yana nan fes, ko tsagewa babu. Ni da nake gane tsutsa a cikin goro tun ba a ɓara shi ba, kai, abin da ciwo!

Ranar Litinin Alhaji Baha'uddeen, babban mai saye daga Kano wanda ba ya ɗaure kaya sai na gutsura, ya zo duba huhunan da suka iso daga Abijan. Na zaɓi ɗaya, jama'a suka yi tsit, na kai baki. Kalmar ƙarshe ta marigayin ita ce “ƙurmus”. Ba ƙarar goro ba ce, kowa ya gane. Alhaji ya ce Allah ya sawwaƙe, ya jira na kurkure baki, sannan cikin ladabi ya tambaya ko akwai wanda zai ji masa kayan.

Dokotoro ta ɗauki radiyo, wato hoton cikin haƙori, ta yi mini bayanin da ba ni da amfaninsa yanzu. Ta ce farin ciko yakan ɗan tsuke lokacin da yake sandarewa, wani lokaci ya bar rata tsakaninsa da haƙori, wadda ba ta kai kaurin gashi ba. Ta nan yawu da sukari suke sulalewa su yi gida a ƙarƙashi. Jan layin da muka sha shayi a kansa, ƙofar ce take nuna kanta. Da na zo a lokacin, ta ce, aikin bai fi na zama guda ba. Yanzu ruɓa ta kai saiwa, babu bangon da za a jingina sabon ciko. Na tambayi haƙorin roba. Ta ce yana da kyau a hoto, amma kada in gwada shi da daushe.

Marigayin ya rasu ya bar yayansa, wani baƙin cikon ƙarfe mummuna da ke can ƙurya tun ina saurayi, lafiyarsa ƙalau, sai dai ba shi da abokin karo, zaman kashe wando yake. Ya bar harshe, wanda har yanzu bai yarda ba, kullum yana komawa ramin yana lalube. Ya bar aswaki da tsinken sakace cikin maraici.

Ba a samu gawar ba. Ana kyautata zaton ta bi goron ta wuce, kuma masana hanyar sun ba da shawarar kada a bi sawu. Saboda haka za a haɗa jana'izarsa da ta mai masaukinsa, haƙorin kansa, wanda za a cire ranar Alhamis da safe a Gounghin. Ba a buƙatar 'yan rakiya, Rasmata za ta ɗauko ni a babur. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana bayan Azahar. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo abu mai sanyi, kada su ba da labarin ban dariya, kada kuma wani ya ce in buɗe ya gani.

Za a raba goro kamar yadda aka saba. Nawa kada a miƙo mini a hannu, a ba uwargida. Ta riga ta samo murfin gwangwani ta huhhuda shi da ƙusa, irin magogin da ake goga wa tsofaffi goro su zuba a baki kamar gari. Jiya da la'asar na ji tana hudawa a bayan ɗaki, a hankali don kada in ji. Na yi kamar ban ji ba.