Ranar da Na Yi wa Mai Barci Ta'aziyya

Ko na manta da komai na shekarun da na yi ina fatauci a birnin Guangzhou, ba zan taɓa mantawa da hutun nan na ƙasar Girka ba. Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina zaune a unguwar Sanyuanli ina aika takalma Kano. Wanda ke sama mana gurbin kaya a jirgin ruwa wani Bagirke ne mai fara'a, Manoli. Shi ya gayyace ni da abokina Alhaji Isaka, mutumin zangon Kumasi, mu je tsibirinsu mu huta.

Tun a hanya nake yi wa Isaka huɗuba. "Alhaji, can ba kasuwa ba ce. Ka bar ni in nuna musu tarbiyyar Kanawa." (Ni da ban taɓa taka Turai ba.)

Tsibirin ya yi mini daɗi ƙwarai. Gidaje farare tas, teku shuɗi, kifi da man zaitun har sai ka ture. Abu ɗaya ya dame ni: mahaifin Manoli, tsoho tukuf, yana ta tari.

Washegari muka fita yawo da hantsi, muka dawo bayan azahar. Garin ya yi tsit. An rufe kantuna, an rufe tagogi, ko kyanwa babu a titi. A ƙofar gida muka tarar da mahaifiyar Manoli zaune cikin baƙaƙen kaya, kanta a sunkuye, idonta a rufe. A Kano ko a Guangzhou, me ke rufe kasuwa da rana tsaka?

"Tsohon nan ya cika," na ce.

"Malam, mu tambaya tukuna," in ji Isaka.

"Tambaya a gidan makoki? Haba Alhaji!"

Na shiga ɗaki na zura babbar riga, na kafa hula. Na cire takalmi, na durƙusa gaban tsohuwar, na soma jero gaisuwa da Hausa. Ta farka a firgice ta ƙwala ihu. Tagogin maƙwabta suka fara buɗewa. Manoli ya sauko da gudu, idonsa jawur (na barci ne, amma ni na ga na kuka). Na rungume shi, hawaye na zuba da gaske, na ce da Turanci mahaifinsa mutumin kirki ne, ya yi haƙuri.

Sai ga mamacin a bakin ƙofa, daga shi sai singileti, yana hamma.

Ashe barcin rana suke yi, duk garin, kullum. Baƙaƙen kayan kuwa na makokin wani ɗan'uwanta ne da ya rasu tun da daɗewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Isaka ya riƙe ciki don dariya ya zube a dakali.

Da aka fassara wa tsohon, ya yi dariya har tarin ya taso. Ya sa na maimaita yabon da na yi masa, wai matarsa ba ta taɓa faɗin ko rabinsa ba. Da yamma ya sa aka gasa akuya, maƙwabta suka taru, ya zaunar da ni kusa da shi yana nuna ni ga kowa.

Isaka bai rufa mini asiri ba. Kafin in kwance jakata a Sanyuanli, labarin ya zaga duk Hausawan unguwar. Yanzu ko kuka na ji a gida, sai wani ya ce mini "ya rasu" da bakinsa kafin in cire takalmi.