Ranar da Na Kai Wa Surukina Kamfani a Baki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema. Ni tela ne a kasuwar Illela, amma lokacin na raina keken ɗinkina, saboda wani labari da na ji a rediyo. Wai gwamnati ta ci tarar kamfanin nan mai manyan shafukan sada zumunta, don ya danne ƙanana, ya yi babakere a kasuwa. Har ana raɗe-raɗin zai tattara ya bar Nijeriya.

Kowa ya shiga damuwa, ni kuwa na shiga mafarki. Ga Konni nan kusa, in sun bar Nijeriya ai ba su bar Nijar ba! Sai in kishingiɗa kan tarin yadi in lumshe ido, in hango mutane tun daga Amarawa sun yi layi suna miƙo mini wayoyinsu. In tsallaka da babur in tura musu saƙonni, in dawo da amsa. Na hango bene mai shuɗin fenti, Hadiza a sama tana ɗago mini hannu, iska na kaɗa mayafinta. (Rigunan mutane kuwa na nan ban ɗinka ba.)

Ranar gaisuwa na durƙusa a zauren Alhaji, mahaifin Hadiza, ƙannensa sun kewaye shi. Ya ce, "Samari, mi kaka yi?"

Maimakon in ce tela, sai bakina ya ce, "Baba, kamfanin sadarwa zan buɗe." Na zayyana masa komai, har da benen.

Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Ka amshi saƙon mutane, ka kai Konni, ka komo da amsa? Ai kakana ya yi wagga sana'a bisa jaki. Ɗan aike aka ce mata."

Zauren ya ɗauki dariya, har daga bayan labule na ji wata siririyar dariya da na sani. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Kamfanin bai tafi ko'ina ba. Alhaji ya ce sai ya ga keke na juyawa zai ba ni ɗiyarsa, na kuwa juya shi har ƙafata ta kumbura kafin a ɗaura aure. Na koyi cewa mafarki a kan yadi ake barinsa, ba a kai shi zauren suruki. Har yau in Alhaji na son burodin Konni, ni yake bugo wa waya: "Shugaban kamfani, akwai aike."